Ta yaya manhajar riga-kafi ke gane muguwar manhaja?

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu da uwar garke (babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita) guda ɗaya. Duk mun sa musu antibairos, wato manhajar riga-kafi, amma ban san ainihin aikinta ba. Ta yaya take gane muguwar manhaja, kuma ita kaɗai ta isa?

Amsa: Ɗan'uwa, da farko tana gane ta ne da kamanni. Kamfanonin tsaro suna tattara miyagun manhajoji, su ciro alamar da ta keɓanta da kowace, kamar zanen yatsa. Duk fayil ɗin da ka sauke ko ka buɗe, sai riga-kafin ta gwada shi da wannan jeri. In ya yi daidai, ta killace shi a inda ba zai iya motsi ba. Ba ta cika gogewa nan take ba, domin wani lokaci takan zargi fayil mai lafiya.

Raunin wannan hanya shi ne wanda ba a taɓa gani ba zai wuce salin-alin, ga shi masu kutse kullum suna sauya wa manhajojinsu kama. Shi ya sa riga-kafin da ta yi watanni ba a sabunta ta ba take ba ni tsoro: mai ita ya saki jiki, ita kuwa ta makance.

Hanya ta biyu, wadda na fi ba wa muhimmanci, ita ce lura da hali. Idan wata manhaja ta kama kulle ɗaruruwan fayiloli cikin 'yan daƙiƙoƙi, kamar yadda masu neman kuɗin fansa ke yi, ko ta nemi kashe kariyar kwamfutar, sai a tsayar da ita ko da ba a san sunanta ba. Wasu ma sukan fara gwada fayil a keɓaɓɓen wuri su ga abin da zai aikata.

Uwar garke kuwa mahaɗar kowa ce, fayil ɗaya ya gurɓace sai ya isa ga duk ofis. Ko da Linux ce a kanta maimakon Windows, riga-kafi irin su ClamAV na tace saƙonnin imel kafin su kai ga masu Windows.

Amma ita kaɗai ba ta isa ba. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta shiga ƙasashe kusan 150, har ta dagula aikin wasu asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ta bi. Waɗanda ba su ɗora gyaran ba su ta kama. Don haka ka riƙa sabunta Windows ɗin kanta, ka ajiye kwafin bayanai a na'urar da ba ta haɗe da sauran. Kada kuma ka haɗa riga-kafi biyu masu gadi lokaci guda, karo za su yi, kwamfutar ta yi nauyi.