Tambayi likita: Captagon, shabu, da batun ba wa mai shaye-shaye tukwici

Likita, ni direban babbar mota ne tsakanin Jidda da Riyad. Rabin Captagon kawai nake sha don kada barci ya ɗauke ni. Rabin ma akwai illa?

Akwai, Malam. Captagon na asali wani kamfanin Jamus ne ya haɗa shi a 1961, kuma tun 1986 aka sa masa takunkumi a duniya. Wanda ake sayar maka yau mai tambarin jinjirin wata biyu jabu ne: amfetamin, sinadarin kafeyin irin na kofi, da duk abin da mai haɗawa ya ga dama. Ba ka san abin da ke cikin rabin nan ba. Kuma bashin barci kake ci, ranar biya tana iya riskar ka a kan sitiyari. Ka tsaya a tasha ka runtsa. In ka ji ƙirji ya riƙe ko zuciya na dukan uku-uku, asibiti, ba gobe ba.

An ce madara ko ruwan khal (wato vinegar) na wanke ƙwaya daga fitsari?

Ƙarya ne. Jiki da kansa yake fitar da ita cikin kwana 2 zuwa 4, mai sha da yawa ya fi haka. Khal ciwon ciki kawai zai bar maka.

Ni uwa ce a Makka. Ɗana ya faɗa shan shabu, ƙwayar nan mai kamar ƙanƙara da ake kira methamphetamine. Mahaifinsa ya sha dukansa, mun taɓa kulle shi a ɗaki da sarƙa, ya fito ya koma. Wata ta ce mu riƙa ba shi kyauta in ya yi kwanaki bai sha ba, amma Alhaji ya ce wannan cin hanci ne, ba a biyan yaro don ya daina saɓon Allah. Ina mafita?

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Na san yadda abin yake a tsakaninmu: ana ɓoyewa don gudun bakin unguwa, sai abu ya gagara. Amma sarƙar nan, don Allah a cire ta daga gidan. Mari da bulala ba su taɓa raba kowa da shabu ba. Abin da suke haifarwa shi ne gyambo a ƙafa, da yaron da ya koyi ɓoye muku komai. Mai shabu da ya kwana uku bai runtsa ba yana iya jin muryoyi, ya ɗauka kashe shi za a yi. A rufe irin wannan shi kaɗai a ɗaki cikin zafin Makka, ai ganganci ne da rai. Ban hana addu'a da ruƙiya ba, a yi, amma ba da duka ba, kuma kada su hana zuwa asibiti.

Batun kyauta kuwa, ki gaya wa Alhaji cikin ladabi cewa wannan ba dabarar mata ba ce, magani ne da likitoci suka gwada. Masu shan hodar heroin suna da magani irin methadone da ke kashe musu ƙishirwarta. Shabu da Captagon da hodar iblis ba su da irinsa da aka amince da shi har yau. Abin da ya fi nuna nasara a kansu shi ne tukwici mai sharaɗi. Stephen Higgins na Jami'ar Vermont a Amurka ne ya fara gwada shi a kan masu shan hodar iblis a farkon shekarun 1990. Asibitocin tsoffin sojojin Amurka sun ɗauke shi a 2011, jihar Kaliforniya kuma ta sa shi cikin inshorar lafiyar marasa ƙarfi a 2023, na tsawon mako 24.

Dalilin da ya sa yake aiki shi ne, ƙwayar tana biyan mai shanta nan take, daɗi cikin mintuna. Ribar dainawa kuwa, lafiya, mutunci, aure, aiki, duk suna can gaba, ƙwaƙwalwar da shabu ya riƙe ba ta hango su. Tukwici yana jawo ɗan wani abu daga cikin ribar ya ajiye masa a yau.

Sai dai yana da ƙa'ida, in an saɓa ta kuɗi ne kawai za su tafi. Gwajin fitsari ake yi sau biyu a mako, ba rantsuwar baki ba. In ya fito babu ƙwaya, a ba shi a take, kada a ce sai ƙarshen wata. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa duk lokacin da ya jera gwaji mai kyau. Ranar da ya zame, babu tukwici, a koma kan na farko, kuma babu zagi babu gori. A ce masa sai gwaji na gaba. Wannan wurin ne iyaye suka fi faɗuwa, zuciya ta ɗebe su su rushe aikin wata guda da magana ɗaya. A gida kada a damƙa masa riyal a hannu. Katin waya, takalmi, kuɗin koyon sana'a da za ki biya da kanki, abin da shi ya ce yana so. Kuma a yi shi ƙarƙashin likita, domin wasu suna komawa bayan an tsayar da tukwicin, shi ya sa ake haɗa shi da zaman nasiha.

Ki sa ido a makonnin farko na dainawa. Zai yi ta barci, ya ci abinci kamar ba gobe, ransa ya yi baƙi ƙirin. In ya ambaci mutuwa ko kashe kansa, kada ki ce shagwaɓa ce, a kai shi asibiti a ranar. In jikinsa ya yi zafi rau, ko farfaɗiya, ko ɓarin jiki ya saki, a kira motar asibiti a 997.

Abokina in ya sha shabu sai ya bi da Lyrica ko Xanax don ya samu barci. Na ga kamar dabara ce.

Wace irin dabara? Jaraba ɗaya ta zama biyu. Magungunan nan in suka haɗu da Tramadol ko giya suna iya tsayar da numfashi a cikin barci, kuma wanda ya saba da su in ya yanke lokaci guda farfaɗiya na iya kama shi. Likita ne zai rage masa a hankali. Ka raka shi.

Shekara biyu ke nan da na daina. Abokaina na da suna nemana in taimake su, iyayena sun ce in guje su.

Barka, ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Iyayenka suna da hujja, kai ma kana da abin da ni ba ni da shi. In na ce wa mai sha "za ka iya", sai ya kalli farar rigata ya ce me wannan ya sani. Kai kuwa ba zai iya yi maka ƙaryar da kai ma ka taɓa yi ba. A kan wannan aka gina ƙungiyar Narcotics Anonymous, ta masu daina shaye-shaye da ke taimakon juna, tun 1953. Amma ka shata iyaka. Ku haɗu a masallaci ko wurin shan shayi da rana, ba a ɗakin da kuka saba zama ba. Kada ka ba da rance. Wanda bai shirya dainawa ba kada ka yanke hulɗa da shi: tuna masa ya ci abinci, ya sha ruwa, ya yi barci, kada ya tuƙa mota, kada ya yi tarayyar allura ko bututun zuƙa saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Ranar da ka ji sha'awar tana motsa maka, ka janye ka nemi likitanka.

Muna tsoron in mun kai mai shan ƙwaya asibiti a kama shi.

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Saudiyya ta tanadi cewa wanda ya nemi magani da kansa, ko iyalinsa suka nema masa, ba a gurfanar da shi kan sha, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Asibitocin Irada, waɗanda aka sani da Al-Amal a da, suna Jidda da Riyad da Dammam. Mai matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ya fara kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya ya ji inda za a karɓe shi. Amma in ana maganar suma ko ciwon ƙirji, a ajiye lissafin takardu a kira motar asibiti.