Amsa ga mai tambaya kan masu binciken da ke son ganin ɗanta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗaliban jami'a sun zo unguwarku a Gadarif ta ƙasar Sudan suna son yi wa ɗanki mai shekara 10 tambayoyi kan hijira, sun bar miki takarda ki sa hannu. Ina karantawa gabana ya faɗi, don ni ta hanyar nan aka cuce ni.

Da rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 ya fitar da mu daga garin Rusairis na jihar Blue Nile, a wata makaranta muka zauna. Wata rana 'yan munazzama, wato ƙungiyar agaji, suka zo da biskit da takardu. Takardar da Turanci take, wani ya ce min sunaye ne na tallafi, na dangwala. Suka shiga aji da 'yata, tana shekara 9, suka turo ƙofa. Namiji ne ke tambayar, da Larabcin littafi da ko ni ba na kama shi duka. Me kika gani? Wa aka kashe a gabanki? Fiye da awa ɗaya ina zaune a rana, kunya ta hana ni ƙwanƙwasa ƙofar. Ta fito riƙe da biskit ɗin, ko buɗewa ba ta yi ba. A daren ta yi fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara 3. Wata biyu tana firgita cikin barci. Shi kuwa ya shiga mota yana murmushi, ko lambar waya bai bari ba. Na bar shi da Allah.

Kada ki sa hannu sai an karanta miki da Hausa, kuma wanda kika yarda da shi ya karanta, ba nasu ba. Bincike na gaskiya sai kwamitin ɗa'a na jami'ar ya amince, ki ce su nuna miki takardar amincewar kwamitin. Ki tambayi yaron da kansa a keɓe, don yaranmu an koya musu ba a musu da babba, zai ce to ko ba ya so. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Ko an fara, yana da damar tashi.

Ai kun san labarin Kano a 1996, lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin binciken da ya haɗa yara 200, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Mu dai kullum dangwalawa muke yi.

Ban ce duka mugaye ba ne. Daga baya wata ɗaliba ta zo, ta fara gaida mai unguwa, ta zauna a tabarma tare da mu, ta ba yara takarda su yi zane, ba ta rubuta sunan kowa ba. Hoto dai kada ki yarda, kuma ki zauna inda idonki ke kan ɗanki har su gama.