Tuji ya ƙi mutuwa duk da na ninka maganin feshi: jabu ne ko ciyawar ce ta gagara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin masara ne a yankin Giwa, jihar Kaduna. Shekara da shekaru ina feshe gonata da glyphosate kafin shuka, ciyawa ta bushe ƙurmus. Bara da bana kuwa tuji ya ƙi mutuwa a wani gefen gonar. Da gwangwanin madara ɗaya nake zubawa a injin feshi, yanzu biyu nake zubawa, amma bayan mako biyu sai in ga ya farfaɗo. Maganin ne jabu, ko ciyawar ce ta saba da shi? In ƙara masa ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara. Idan abin da nake zato ne ya samu gonarka, gwangwani na uku kuɗinka kawai zai ci, ya kuma share wa tujin fili.

Kafin a ɗora wa ciyawa laifi, a duba hannun mai feshi. Glyphosate ba ya shiri da ruwa mai laka: da zarar ya haɗu da ƙasar da ke cikin ruwan kududdufi sai ya manne mata, ƙarfinsa ya tafi tun yana cikin tanki. Haka idan ciyawar ta tsufa ta fara fitar da kai, ko fari ya taɓa ta ta yanƙwane, ba ta shan maganin yadda ya kamata. Ruwan sama da ya sauka jim kaɗan bayan feshi yakan wanke shi. Ga bakin injin da ya toshe, ga jabu da gauraye da ba a rasa su a kasuwa. Akwai kuma ciyayin da tun asali ba sa jinsa sosai, kamar balasana, da aya-aya mai sake tohowa daga 'ya'yan da ta binne a ƙasa.

Sai dai bayaninka ya nuna wani abu daban. Da maganin jabu ne ko ruwan ne ya ɓata shi, da duk ciyawar gonar ta tsira tare. Kai kuwa iri ɗaya ne ya tsira, a gefe ɗaya, shekara biyu a jere, kuma a da yana mutuwa. Je ka tsuguna a wurin ka duba da kyau. Idan ka ga sauran ciyayi sun bushe sun yi ja, ga wani gindin tuji ya mutu murus, ga ɗan'uwansa taku ɗaya daga nan kore shar yana fitar da sabon ganye daga tsakiya, to alamar gagara ta bayyana.

Ciyawa ba ta sabawa da magani yadda mutum ke sabawa da yaji. A cikin miliyoyin ƙwayoyin tuji da ke kwance a ƙasar gonarka, akan samu ɗaya ko biyu da suka zo da ɗan bambanci a halittarsu. Aikin glyphosate shi ne toshe wani sinadari da tsiro ke amfani da shi wajen haɗa abin gina jikinsa. A irin wannan tujin siffar sinadarin ta ɗan sauya, maganin ba ya iya kama shi sosai. Ka yi feshi, duk suka mutu sai shi. Ya samu gona shi kaɗai, ga taki ga rana, ya zubar da dubban iri. Baɗi ka dawo da magani iri ɗaya, ka sake kashe masu rauni ka bar jikokinsa. Da hannunka kake zaɓen iri, ba tare da ka sani ba. Wanda ya ga yadda zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin ya riga ya san labarin.

Tuji kuwa tsohon mai laifi ne a wannan fage. Kamfanin Monsanto ya fito da glyphosate a 1974 da sunan Roundup, aka yi shekara 20 da ɗoriya ana ganin babu ciyawar da za ta gagare shi. A 1996 aka samu ta farko a Ostareliya, wata ciyawar gonakin alkama. A 1997 sai ga tuji a gonakin itatuwa na Maleshiya, inda ake feshi sau da yawa a shekara. Daga baya a can Maleshiyar aka samu tujin da ya gagari glyphosate da paraquat da glufosinate gaba ɗaya. A yau nau'in ciyawa sama da 50 ne aka tabbatar sun gagari glyphosate a duniya.

Inda abin ya fi muni shi ne Amurka, kuma can ne ya kamata mai niyyar ƙara gwangwani ya duba. A 1996 aka fara sayar musu da irin waken suya da aka sauya wa halitta don glyphosate kada ya taɓa shi, auduga da masara suka biyo baya. Manomi ya feshe gona da amfanin a tsaye, ciyawa ta mutu, shuka ta tsira. Daɗin haka ya sa da yawa suka ajiye sauran magunguna da garma. A 2005 aka tabbatar da wani dangin alayyafo da suke kira Palmer amaranth ya gagara a gonakin auduga na jihar Jojiya. Shi dabararsa daban ce: ya ninka ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin nan, wani lokaci sau fiye da 100, har maganin ya rasa wanda zai toshe. Gindi ɗaya na iya zubar da iri dubu ɗaruruwa, kuma yana wuce tsayin mutum. Manoman da ke da manyan injuna suka koma ɗaukar 'yan ƙwadago suna cirewa da hannu da fartanya.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙarin feshi. Aka ƙara yawan glyphosate, aka ƙara yawan zagaye, aka tono tsofaffin magunguna irin su 2,4-D da dicamba ana haɗawa. Dicamba yana tashi a iska in an yi zafi ya sauka a gonar maƙwabci. A 2017 an ƙiyasta ya lalata waken suya eka miliyan 3.6. Yanzu kuma an samu wannan alayyafon da ya gagari dicamba ɗin. Kamfanoni sun kwashe sama da shekara 30 ba su kawo maganin ciyawa mai sabon salon kisa ba, don haka jiran sabon magani ba dabara ba ce.

Don ka tabbatar, tara irin tujin da ya tsira, ka kuma tara na bakin daji inda ba a taɓa feshi ba. Shuka su a bokiti biyu. Idan sun yi ganye uku zuwa huɗu, feshe su lokaci ɗaya da ruwan rijiya mai tsabta, bisa ma'aunin da ke jikin kwalba. Bayan mako uku, in na daji ya mutu na gona ya tsaya, magana ta ƙare. Sanar da malamin gona na yankinku, ko ka kai samfurin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, tunda Zariya ba ta yi maka nisa ba.

A gona kuma, sauya sunan kwalba ba sauya magani ba ne. Kwalabe da yawa a kasuwa suna daban-daban amma glyphosate ne a ciki. Karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunan. Bayan shuka masara yi amfani da maganin da ke hana ciyawa tsirowa, irin gaurayen atrazine da metolachlor, a kan ƙasa mai laima. Baɗi sa waken suya ko gyaɗa a wurin, domin a cikinsu ana iya fesa magungunan da ke kashe dangin tuji kaɗai, waɗanda masara ba za ta jure ba. Su ma kada a maimaita su kowace shekara. Ni dai a ganina babban aikin bana na fartanya ne: gefen nan bai yi faɗin da zai gagare ka ba tukuna. Cire tujin da saiwarsa kafin ya yi kai, ka fitar da shi daga gonar ka ƙona. In za a yi huɗa, a bar wannan gefen ya zama na ƙarshe, sannan a kankare lakar garma ko ta tarakta kafin a shiga wata gona, don irin tuji ƙanana ne ƙwarai kuma a cikin lakar suke tafiya.