Tasirin Freetown a kan maƙwabtanta

Kana tambaya ko 'yantattun bayin da aka zaunar a Freetown, babban birnin Saliyo, sun yi tasiri a kan maƙwabtansu. Sun yi sosai, musamman wajen boko da addinin Kirista. Kwalejin Fourah Bay da ke Freetown, wadda aka buɗe a 1827, ita ta yaye Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864. Tun wajajen 1839 Yarbawan garin suka fara komawa Badagry da Abeokuta, ana ce musu Saro, da sana'ar kafinta da gini da koyarwa a hannu.

Sai dai tasirin ya fi bin gaɓar teku. Mutanen cikin ƙasa sun ɗauki 'yan Kiriyo, wato zuriyar 'yantattun bayin, cewa 'yan koren Turawa ne, shi ya sa a boren da aka yi wa Turawa a kan harajin gida a 1898 aka kashe 'yan kasuwar Kiriyo da yawa a ƙasar ƙabilar Mende.