Ruwan lagireto na ɓacewa ba ɗigo a ƙasa: duba hitar motarka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ruwan lagireton motarka yana raguwa duk bayan kwana uku ko huɗu, ka leƙa ƙarƙashinta babu ɗigo ko ɗaya, kuma da ka kunna hita sai gilashin gaba ya yi hazo, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar. Bayanin nan naka ya kusa kama ɓarawon, don ni ma irin wannan ta taɓa ba ni wahala.

A bayan dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto na hita, bai fi girman littafi ba. Tiyo biyu ne suka ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zama, ɗaya yana kai masa ruwan zafi, ɗaya yana mayarwa, fanka kuma tana hura iska ta cikinsa. Idan ya huje, ruwan ba ƙasa yake zuba ba, cikin motar yake tsiyaya.

Ka ɗaga kafet ɗin gefen mai zaman gaba, ka cusa hannu har ƙarƙashin soson. Ni da na yi haka, saman kafet a bushe yake ƙamas, amma soson ya sha ruwa sharkaf. Na murza a yatsu na ji santsi, na goga a farin ƙyalle ya fito kore. Ruwan esi idan bututunsa ya toshe shi ma nan yake taruwa, sai dai shi garau yake, ba wari ba santsi. Kada ka kuskura ka ɗanɗana. Sinadarin kulant, wato ruwa mai launi da ake zubawa a lagireto, guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa na jan yara da dabbobi.

Amma don Allah kada ka bari a kwance dashbod tukuna. Ka buɗe bonet inji na sanyi, ka bi tiyon nan biyu har inda suka shige bango. Sau da yawa kilif ne ya saki, ko roba ta tsufa ta tsage a baki, ruwa ya riƙa bin ƙarfe yana gangarawa ciki. Za ka ga busasshen tabo fari ko kore a wurin. Bakaniken da ya san aikinsa zai ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, ya hura daidai abin da aka rubuta a murfin, galibi tsakanin psi 13 zuwa 16 a ma'aunin matsin iska, ya zuba wa allurar ido. In tana sauka kuma ɗigo ya bayyana ƙarƙashin dashbod, magana ta ƙare. In kuwa ciki a bushe yake, amma salansa na fitar da farin hayaƙi, ko baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara, to gasket ɗin kan inji ne, hita ba ruwanta. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi da zafi, na ga wanda ya saɓule fatar hannu a haka.

Maganin toshe yoyo da ake zubawa a ruwa, ni dai ba na ba da shawararsa. Na gwada. Yoyon ya tsaya na mako biyu, sai hitar ta daina ɗumi gaba ɗaya, saboda hanyoyin cikinta sirara ne ƙwarai, maganin ya cushe su, daga baya kuma ɗigon ya dawo.

Idan ba ka da halin gyara yanzu, a cire tiyon biyu daga bango a haɗa su da guntun bututu, a ɗaure da kilif. Yawancinsu milimita 16 ne ko 19. Motar za ta yi tafiyarta lafiya, sai dai ba ɗumi, ba kuma iskar zafin da ke share hazon gilashi, wanda haɗari ne a lokacin sanyi ko ruwan sama.

Gyara na gaskiya shi ne a sa sabon ƙaramin lagireton hita. A wasu motocin aikin yini guda ne, sai an cire kan batir saboda jakar iska, wasu har sai an zuƙe gas ɗin esi. Tunda an buɗe, a canza robobin bakin da tiyon a lokaci ɗaya. Sannan a wanke hanyar ruwan, a zuba kulant irin wanda kamfanin motar ya ce, rabi da rabi da tataccen ruwa idan ba haɗaɗɗe ba ne. Tsurar ruwan famfo da tsohon kulant su ke kawo tsatsar da ke cinye shi tun farko. A bar injin yana aiki, hita a ƙure, har iskar da ta maƙale ta fita. In ka ji ƙulu-ƙulu a bayan dashbod, da saura.

Soson nan kuma a fitar da shi a wanke a shanya. Ni na bar nawa, wata guda warin bai bar motar ba, gilashi na ta yin maiƙo, har na zaci sabon ma ya huje.