Ni ma kwas ɗin nan ya sa ni kuka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka haddace fomuloli kaf, amma da ka zauna jarrabawa sai tamodainamiks da kainetiks na kwas ɗin kemistiri su cakuɗe maka. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan a aji biyu.

Ranar da aka manna sakamako, ina bayan mutane ina ɗage, na hango F a gaban lambata. Na je wajen malamin in ga takardata, ya shanya ni a bakin ofis tun hantsi har aka kira azahar. Da na shiga, ya ɗaga takardar a gaban wasu ɗalibai ya ce irina kasuwa ta fi dacewa da mu. Ko fuskata bai kalla ba. Har yau in na tuna dariyar da suka yi sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Kuma fa mene ne laifin? A fomular ΔG = ΔH − TΔS, wadda ke nuna ko haɗin sinadarai zai yiwu, na sa ΔH a kilojul, ΔS a jul, na kuma bar T, wato zafi, a 25 na Salsiyos maimakon 298 na Kelbin. Maki 20 suka tafi. Don Allah ka riƙa rubuta yunit a kowane layi, kuma 8.314 na R, wato tsayayyar lambar gas, a jul yake, ba kilojul ba.

Wanda ya kwance min kai abokina ne, da ya nuna min jarkar fetur a ɗakin janareta. Ga fetur ga iska, ΔG na ƙonewarsa ƙasa da sifili yake nesa, amma ba zai kama ba sai an ƙyasta ashana. Ashe tamodainamiks ce mai faɗin ko abu zai yiwu da inda zai tsaya, sauri kuwa aikin kainetiks ne, maganar tudun Ea ce, wato ƙarfin da ake buƙata kafin abu ya kama. Katalis, wato abin da ke hanzarta haɗin sinadarai, tudun nan yake ragewa, ba ruwansa da ΔG.

Kada ka tsinci oda, wato yadda saurin haɗi ke bin yawan sinadaran, daga daidaitaccen ikweshan, gwaji ne ke ba da ita. Ka zana jadawalin ln k (k ita ce lambar saurin haɗi) da 1/T da hannunka har ka ga gangaren −Ea/R ya fito. Ka koma wa lissafin integireshan, rabin wahalar can take. Kuma ka ci abinci kafin karatun dare, ni gyambon ciki na kwaso a shekarar, mahaifiyata ma ban iya gaya mata na faɗi ba sai bayan wata uku.

Turo tambayoyin da suka gagare ka, mu bi su tare ranar Asabar bayan la'asar in sha Allahu.