Me Bature ke nufi da "caught napping"?

Tambaya: Malam, ina yawan jin masu sharhin ƙwallo da Turanci suna cewa 'yan baya "were caught napping". Barci suke yi a fili? Kuma yaya za mu faɗe shi da Hausa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: A'a ɗana, babu wanda ya runtsa, ko da yake "nap" gyangyaɗi ne ko ɗan barcin rana. Abin da Bature ke nufi shi ne abu ya same ka ba shiri, alhali aikinka ne ka zauna a shirye. Akwai zargi a cikin maganar. Tsohuwa ce kuma, domin Shakespeare ya yi amfani da siffarta ta da, "taken napping", tun shekarun 1590.

Tunda ƙwallo ka ambata, tuna daren 7 ga Mayu 2019 a filin Anfield, gidan Liverpool. Barcelona ta zo da ci 3 da nema daga wasan farko. Liverpool ta rama ukun, sannan ta samu kwana a minti na 79. Trent Alexander-Arnold ya yi kamar zai bar wa wani bugun, sai ya lura 'yan Barcelona sun juya baya suna ta jan ƙafa. Nan take ya dawo ya turo wa Divock Origi, ƙwallo ta huɗu ta shiga raga. 'Yan Barcelona ido biyu suke, hankali ne ya tafi yawo.

Da Hausa, da yawa za su ce "an shammace su", kuma ba laifi. Sai dai ni ban cika gamsuwa ba, saboda shammata tana jingina abin ga wayon wanda ya yi ta, ita kuwa ta Turancin tana ɗora laifin a kan wanda aka yi wa. Na fi son "sakacinsu ya ja musu", ko "sun yi sake". In karin magana kake so, bango ne ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Wasu kan kawo "ba a fafe gora ranar tafiya". Wannan gargaɗi ne kafin abu ya faru, ba labarin abin da ya riga ya auku ba.

Ita "caught napping" tana da 'yar'uwa a Turanci, "caught with his pants down", wato an ritsa mutum wando a ƙasa. Ma'anarsu kusan ɗaya, amma wannan da kunya a ciki, kada ka faɗe ta gaban manya ko ka rubuta ta a jarrabawa.